Ofishin Uwargidan Shugaban Ƙasa a Najeriya: Yaushe Aka Soma, Kuma Wace Doka Ta San Da Shi?

Ɗaliba Mai Neman Sani ta rubuta:

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Iyayena da yayyena, ina neman ƙarin haske a kan wani al'amari da ya daɗe yana ɗaure mini kai. Ina karatun shari'a, kuma na bi kundin tsarin mulkin Najeriya na 1999 a tsanake. Sashe na 130 ya kafa kujerar shugaban ƙasa, na 141 ya kafa ta mataimakinsa, na 147 ya yi bayanin ministoci, na 151 kuma ya ba da damar naɗa masu ba da shawara na musamman. Babu inda aka ambaci matar shugaban ƙasa, ko da a gefen magana ne. Duk da haka muna ganin uwargidan shugaban ƙasa da ofis a fadar gwamnati, da ma'aikata, da jami'an tsaro, da ayarin motoci, idan ta ziyarci jiha gwamna da kansa yake fitowa tarbarta, kuma matan gwamnoni haka suke yi a jihohinsu, har abin ya gangaro kan matan shugabannin ƙananan hukumomi.

Yaushe aka soma wannan tsari, kuma wa ya soma shi? Da kuɗin wa ake tafiyar da shi? Sannan a ganinku wanne ya fi dacewa, a yi masa doka ko a rufe shi gaba ɗaya?

Tsohon Malamin Tarihi ya amsa:

Wa alaikumus salam, 'yata. Allah ya yi wa karatu albarka. Zan ɗauki tambayarki ta farko, in bar wa masana shari'a sauran.

Daga samun 'yancin kai a 1960 har zuwa tsakiyar shekarun 1980, matar shugaba a Najeriya mai rakiya ce da karɓar baƙi, ba mai shiri na ƙashin kanta ba. Flora Azikiwe tana fitowa tare da mijinta a bukukuwan gwamnati, amma ikon zartarwa a lokacin yana hannun Firayim Minista Abubakar Tafawa Balewa, wanda iyalinsa ba su shiga harkar jama'a ba. Wadda 'yan ƙasa suka fara sani sosai ita ce Victoria Gowon, ma'aikaciyar jinya, saboda an ɗaura aurenta da Janar Yakubu Gowon a Legas a watan Afrilun 1969, yana kan mulki kuma ana tsakiyar yaƙin basasa. Ajoke Muhammed ba ta samu lokaci ba, domin an kashe Janar Murtala ranar 13 ga Fabrairun 1976, bayan wata shida da 'yan kwanaki a kan mulki. A zamanin Alhaji Shehu Shagari da mulkin soja na Janar Buhari kuwa, mutane da yawa ko sunan matan shugaban ba su sani ba.

Wadda ta sauya al'amarin ita ce Maryam Babangida, kuma ya kamata a fahimci yadda hakan ta faru, domin ruwa ba ya tsami banza. Kafin mijinta ya karɓi mulki a watan Agustan 1985, shi ne babban hafsan sojan ƙasa, ita kuma take shugabantar ƙungiyar matan hafsoshin soja. A wannan ƙungiya matsayin mace yana bin muƙamin mijinta ne, matar kanar tana karɓar umarni daga matar janar. Da suka shiga barikin Dodan, fadar gwamnati ta lokacin a Legas, sai ta ɗauko wannan tsari ta shimfiɗa shi a kan ƙasa baki ɗaya. Gwamnonin jihohi duk sojoji ne da ke ƙarƙashin mijinta, saboda haka da ta ƙaddamar da shirin Better Life na inganta rayuwar matan karkara a 1987, matar kowane gwamna ta zama shugabar shirin a jiharta, matar kowane shugaban ƙaramar hukuma ta zama wakiliya a yankinta. Wannan tsani mai hawa uku da kike gani a yau daga barikin soja ya fito, kuma farar hula sun gaje shi a 1999 ba tare da sun tsaya sun tambayi asalinsa ba.

Lokacin ma ya taimaka mata. A 1985 aka rufe shekaru goman da Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe wa mata da babban taro a Nairobi, ƙungiyoyin agaji na neman inda za su sa hannu. A cikin gida kuma, shirin tsuke bakin aljihu da gwamnati ta shigo da shi a 1986 ya karya darajar naira, tsadar rayuwa ta addabi talakawa, gwamnati na bukatar fuskar da za ta nuna tausayi. A 1989 aka kafa Hukumar Mata ta Ƙasa, a 1991 kuma aka ba Maryam wata lambar yabo ta Afirka a kan yaƙi da yunwa, tare da Wangari Maathai ta Kenya.

Maryam Abacha ta zo ta ajiye Better Life ta kafa nata, wato shirin tallafa wa iyali a 1994, sannan shirin bunƙasa tattalin arzikin iyali a 1997. A zamaninta aka ɗaga Hukumar Mata ta koma cikakkiyar ma'aikata a 1995, kuma ƙarƙashin shirinta aka gina asibitin mata da yara na Abuja, wanda ya zama Babban Asibitin Ƙasa na yanzu. Mai shari'a Fati Lami Abubakar, matar Janar Abdulsalami Abubakar, ta bi wata hanya dabam: ta kafa ƙungiyar WRAPA mai kare haƙƙin mata a 1999 a matsayin ƙungiya mai zaman kanta, ita kuma ta ci gaba da aikinta na alƙalanci har ta zama babbar jojin Jihar Neja.

Daga nan kowace da nata: Stella Obasanjo da gidauniyar kula da yara masu nakasa, Turai 'Yar'aduwa da gidauniyar mata da matasa, Patience Jonathan da Women for Change, Aisha Buhari da Future Assured, Oluremi Tinubu da Renewed Hope. Abin da nake so ki lura da shi shi ne, Obasanjo da Buhari duka an ruwaito sun ce ba za a yi wannan ofis a zamaninsu ba, kuma a zamanin kowannensu an yi shi. Aisha ma ta shafe wa'adin farko ana kiranta matar shugaban ƙasa kawai, sai a 2019 ta nemi a koma wa laƙabin da aka saba.

Hajiya Tsohuwar Jami'ar Raya Karkara ta amsa:

Malam, Allah ya saka da alheri, ka kawo tarihin yadda yake. Ni ina cikin waɗanda suka yi aikin da hannunsu, domin a lokacin ina sashen mata na wata ƙaramar hukuma, saboda haka ina so 'yarmu ta ji yadda abin yake daga ƙasa.

Kafin wannan shiri, idan jami'in gona ya shiga ƙauye da taki ko iri, da maza yake magana a ƙofar gidan mai unguwa, ya juya ya tafi. Matan da suke surfe da sussuka, su soya gyaɗa su matse mai su yi ƙuli, ba su cikin lissafin kowa. Da shirin ya zo, muka riƙa shiga gida gida muna haɗa su ƙungiyoyin gama kai, kowace ƙungiya da shugaba da ma'aji da littafin ajiya. Aka kawo injin niƙa da kekunan ɗinki, aka buɗe ajin yaƙi da jahilci bayan la'asar, wasu ƙungiyoyi suka samu rance daga People's Bank da aka kafa a 1989 domin masu ƙaramin ƙarfi. Ba zan manta da wata dattijuwa mai sana'ar daddawa ba, wadda ta saba dangwala yatsa a kan kowace takarda. Ranar da za a karɓi rancen ƙungiyarsu, ta ture tawadar gefe ta ce a ba ta alƙalami, ta rubuta sunanta a hankali, harafi bayan harafi, sauran mata suna tsaye a kanta suna guɗa.

Kuma gaskiyar magana, abin da ya buɗe mana ƙofofin shi ne sunan uwargidan shugaban ƙasa. Maigidan da ba zai saurari ƙaramar ma'aikaciya irina ba, idan ya ji matar gwamna ce ta aiko, kuma hakimi ya yi shela, sai ya bar iyalinsa su fito. Haka ake samu a rigakafin yara da zuwa awon ciki har yau. Duk mai cewa wannan ofis ba shi da amfani ko kaɗan bai ga abin da na gani ba.

Amma na ga ɗaya ɓangaren ma. Kuɗin da ake kashewa a ranar biki, wato anko da rumfuna da makaɗa da man motoci, wani lokaci ya fi kuɗin kayan da aka zo rabawa. Matan birni masu hanya sukan shige gaba su karɓe abin da aka ce na matan karkara ne. Babbar matsalar kuwa ita ce ranar da mulki ya sauya. Sabon shugaban ƙaramar hukumarmu ya sa aka goge sunan da ke jikin cibiyar mata aka rubuta sabo, injin niƙan ya tsaya saboda wani ƙaramin ƙarfe da ya lalace, kuma ba a samu wanda zai sa hannu a sayo ba, domin ba aikin uwargidan da ke kai ba ne. Matan suka koma turmi da taɓarya, littafin ajiyar ya ƙare a cikin akwati.

Kuma kada a ɗauka shigar matan gidan mulki cikin hidimar jama'a baƙon abu ne a wurinmu. A daular Borno, Gumsu, wato uwargidan Mai, da Magira mahaifiyarsa, suna da sarauta da ƙasashen da suke riƙe da su. Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu, matar Waziri Giɗaɗo, ta kafa tsarin 'yan taru, tana tura jagororinsu mata, waɗanda ake kira jaji, ƙauyuka suna karantar da mata, kuma tsarin ya rayu bayan rasuwarta a 1864 saboda ta gina shi a kan malamai mata da ta horar, ba a kan kujerar mijinta ba.

Lauya Mai Zaman Kansa ya amsa:

Ranki ya daɗe Hajiya, bayaninki ya kawo mu daidai kan tambaya ta biyu. Ƙanwata, karatunki daidai ne: babu wannan ofis a tsarin mulki, kuma babu wata dokar Majalisar Tarayya da ta kafa shi. Ko kariyar da sashe na 308 ya bayar daga gurfana a kotu ta tsaya ne a kan shugaban ƙasa da mataimakinsa da gwamnoni da mataimakansu, ba ta shafi matansu ba.

Kuɗin yana zuwa ta hanya biyu. Ta farko ita ce aljihun gwamnati a fakaice: ma'aikatan da ke yi mata aiki shugaban ƙasa ne yake naɗa su a matsayin mataimakansa, sannan a tura su ofishinta, motoci da tsaro da tafiye-tafiye kuma suna shiga cikin kasafin fadar gwamnati. Sashe na 80 ya ce ba a cire kuɗi daga asusun tarayya sai da amincewar majalisa, kuma a takarda an cika wannan sharaɗi, sai dai ɗan ƙasa ba zai iya buɗe kasafin ya ga jimillar abin da ofishin ya ci ba. Hanya ta biyu, wadda ta fi damuna, ita ce gidauniya. Ana yi mata rajista a matsayin ƙungiya mai zaman kanta, a shirya taron neman gudummawa, 'yan kwangila da shugabannin bankuna da gwamnoni su zo su yi alƙawarin miliyoyi. Mai bayarwa ya san matar wa yake ba wa, kuma ya san abin da yake fata a gobe. Babban mai binciken kuɗi na tarayya ba ya bin wannan asusu tunda ba na gwamnati ba ne, alhali da ba don kujerar gwamnati ba da kuɗin bai taru ba. Wani lokacin ma iyakar takan ɓace gaba ɗaya, kamar yadda aka yi ta ce-ce-ku-ce a kan naira biliyan 4 da aka sa a kasafin Babban Birnin Tarayya na 2013 domin ginin ƙungiyar zaman lafiya ta matan shugabannin Afirka.

Akwai kuma ikon da ba na kuɗi ba, wato ikon ƙofa: wa zai ga shugaba, wa ba zai gan shi ba. Lokacin da aka tafi da Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa asibiti a Jidda ranar 23 ga Nuwamban 2009 ba tare da an miƙa wa majalisa takardar da sashe na 145 ya yi magana a kai ba, ƙasar ta shiga ruɗani har sai da majalisa ta ayyana Goodluck Jonathan muƙaddashi ranar 9 ga Fabrairun 2010. An yi ta zargin uwargidansa da makusantansa da hana ganinsa. Ni ban ɗora laifin a kan macen da take jinyar mijinta ba, na ɗora shi a kan dokar da ta bar giɓi, kuma an gyara sashen daga baya aka sa wa'adin kwana 21. Amurka ta taɓa shiga irin wannan hali a 1919, lokacin da shanyewar ɓarin jiki ta kama Shugaba Woodrow Wilson, matarsa Edith ta zama ita ke tace takardun da za su isa gabansa har ƙarshen wa'adinsa.

Ra'ayina shi ne a yi doka, amma taƙaitacciya. A Amurka matar shugaba ba ta da albashi, sai dai wata doka ta 1978 ta halatta a ba ta ma'aikata, kuma ana wallafa sunaye da albashin ma'aikatan fadar duk shekara. A Faransa, bayan jama'a sun yi ƙorafi a 2017 a kan shirin ba Brigitte Macron, matar shugaban ƙasar, matsayi na hukuma, sai aka fitar da takardar da ta fayyace ayyukanta, ba albashi kuma ba kasafi na kanta, kotun binciken kuɗi na duba abin da aka kashe mata. Irin wannan nake so: a ƙayyade yawan ma'aikata, a ware layi guda a kasafi wanda kowa zai gani, a kuma haramta wa gidauniyarta karɓar kuɗi daga duk mai kwangila da gwamnati muddin mijinta na kan mulki.

Ɗan Jarida Mai Bin Harkokin Majalisa ya amsa:

Barista, ina girmama hujjarka, amma ban yarda da ita ba, kuma ga dalilina. A ƙasar nan, duk abin da aka ba shi layi a kasafi ba ya raguwa, ƙaruwa yake yi. Ranar da Majalisar Tarayya ta amince da ofishin, majalisun jihohi 36 za su yi nasu, ƙananan hukumomi 774 su biyo baya, daga nan a soma maganar fansho. Gana ta gwada wannan hanya a 2021 da aka amince a riƙa biyan matan shugaban ƙasa da mataimakinsa albashi. Jama'a suka yi caa, Rebecca Akufo-Addo, matar shugaban ƙasar na lokacin, ta ce ba ta so har ta mayar da kuɗin alawus da aka riga aka ba ta, kuma a 2024 Kotun Ƙolin ƙasar ta yanke hukuncin cewa biyan ya saɓa wa tsarin mulki.

Sannan dokar za ta ci karo da tambayoyin da ba ta da amsarsu. Idan shugaba yana da mace fiye da ɗaya, wacce doka za ta zaɓa? A Nijar, zamanin Mahamadou Issoufou, matansa biyu kowace tana da gidauniyarta, Aissata da Guri, Lalla Malika da Tattali Iyali. Idan kuma mace ce ta ci zaɓe, shin mijinta zai gaji ofishin da shirye-shiryen? Mijin Angela Merkel ya ci gaba da aikinsa na binciken kimiyya shekara 16 da ta yi tana mulkin Jamus, ba wanda ya ce ƙasar ta rasa wani abu.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne yadda ofishin yake shafe ma'aikatar mata. Muna da minista da majalisa ta tantance, da kwamishinoni a jihohi, da ma'aikata irin su Hajiya da suka san aikin, amma a jihohi da dama kwamishinar mata ta koma mai riƙe wa matar gwamna jaka. Ku dubi abin da Malam ya lissafa: ma'aikatar mata tana nan saboda an kafa ta a hukumance, asibitin Abuja yana nan saboda an yi masa doka an miƙa shi ga ma'aikatar lafiya, WRAPA tana nan saboda ba ta dogara da fada ba. Sauran shirye-shiryen kusan duk sun bi masu su. Kuma da a ce wannan ofis hanya ce ta ɗaga mata a siyasa, da mun gani a majalisa. Aisha Buhari da kanta ta je zauren majalisa a watan Fabrairun 2022 domin nuna goyon baya ga ƙudurorin da suka shafi mata a gyaran tsarin mulki, amma a farkon Maris 'yan majalisa suka yi watsi da su. A zaɓen 2023 kuma mata ƙalilan ne suka shiga majalisar dattawa mai kujera 109.

Ba na cewa matar shugaba ta yi shiru. Hirar da Aisha ta yi da sashen Hausa na BBC a watan Oktoban 2016, inda ta ce wasu 'yan tsiraru sun mamaye gwamnatin mijinta, ta girgiza ƙasar fiye da duk wani rabon kaya, kuma ba ta bukaci kasafi ba kafin ta yi ta.

Ɗaliba Mai Neman Sani ta sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, iyayena, Allah ya ƙara girma. Barista, ina da ƙarin tambaya a kan maganar yayana ɗan jarida. Shin za a iya toshe hanyar gudummawar 'yan kwangila da tilasta bayyana kuɗin ba tare da an kafa ofishin a doka ba?

Lauya Mai Zaman Kansa ya sake amsawa:

Za a iya, ƙanwata, kuma a nan ina ganin ni da ɗan'uwana za mu haɗu. Jadawali na biyar na tsarin mulki ya riga ya hana jami'in gwamnati karɓar kyauta saboda aikinsa, ya kuma ce abin da ya yi ta hannun wakili ko amintacce kamar shi ya yi da kansa. Abin da ya rage shi ne majalisa ta fayyace cewa gudummawar da mai kwangila ya ba gidauniyar matar shugaba ko ta gwamna tana cikin wannan hani. Ta ɓangaren kuɗin gwamnati kuwa, dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta ba kowane ɗan ƙasa damar rubuta wa fadar gwamnati ya nemi adadin ma'aikatan da aka tura ofishin uwargida da abin da aka kashe a tafiye-tafiyenta, kuma dokar ta ba hukuma kwana 7 ta amsa. Idan aka ƙi, kina da damar zuwa babbar kotu cikin kwana 30. Tunda shari'a kike karantawa, ki nemi malaminku na dokar gudanarwa ya duba miki takardar kafin ki aika, kuma ki tabbata an buga miki hatimin karɓa a kan kwafin da zai zauna a hannunki, domin daga wannan ranar ake soma ƙirga kwanakin.